Seeds of Success

Seeds of Success shiri ne na tattara irin tsirran daji 'yan asalin Amurka. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, BLM, ce ta kafa shi a shekarar 2001 tare da Lambun Kew na Ingila.

Yadda ake aikin

Kowace shekara ana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi masu ilimin tsirrai, su shiga hamadun Mojave, Sonoran da Great Basin lokacin da iri ke ƙosawa. Sukan yi kwanaki a tanti, nesa da gari. Ƙa'ida ita ce a tsinko iri daga tsirrai aƙalla 50, kuma kada a ɗebi fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya ƙosa a ranar, domin daji ya samu na sake tsirowa. Ana so kowane tari ya kai ƙwaya 10,000.

Adanawa da amfani

Ana gyara irin a garin Bend na jihar Oregon, a ajiye wani kaso cikin sanyi a Fort Collins, jihar Colorado. Sauran ana yin bincike da shi, ko a shuka a gona ya yawaita, don farfaɗo da filayen da gobarar daji ta cinye kafin baƙuwar ciyawa ta mamaye su.