Idan Ƙafar Baya Ta Fara Kuka

Kaka ta zo, motoci sun fara jigilar masara da dawa zuwa kasuwannin Funtua, Bakori da Dandume. Yawancin jif da a-kori-kura da muke saye 'yan kwatano ne, an ƙera su domin kwalta. Mu kuwa hanyoyinmu na burji ne, waɗansu ma tun zamanin aikin gona na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1970 aka yi su. Abin da ke fara gajiya shi ne boris na ƙafar baya.

Boris shi ne zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye wanda taya ke juyawa a kansa. Abu uku ke kashe shi: nauyin kaya, ramuka, da ruwa. Buhu goma na kilo 100 tan guda ke nan, nauyin da ya fi ƙarfin ƙaramar jif. In kuma muka tsallake rafi da damina ƙafa tana da zafi, ruwa da yashi sukan shiga su ɓata giris.

Alamar farko kuka ne kamar na jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa in mota ta ƙara gudu. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi lilo, boris ya tafi.

Alama ta biyu fitila ce mai rubutun ABS a gaban direba. Kusa da boris akwai 'yar na'ura da makanikai ke kira sensa, aikinta ƙidaya juyawar taya domin kada ta kafe in an taka birki da ƙarfi. In boris ya yi sako-sako, sai ƙidayar ta rikice, fitila ta kama. Birki zai ci gaba da aiki, amma a kan laka ko jiƙaƙƙiyar kwalta motar tana iya zamewa.

Wani lokaci laifin ba na boris ba ne. Taɓo ne ya rufe sensa, ko kara ya tsinke wayarta. Saboda haka a fara wankewa a duba kafin a kashe kuɗi.

In sauyi ya kama, mu lura. Yawancin boris na zamani a rufe yake, ba a ƙara masa giris, sai dai sabo. Kada a buga shi da guduma, a sa shi da injin matsewa. Waɗansu suna da maganaɗiso a gefe guda, lalle wannan gefen ya fuskanci sensa. Kada kuma mu yarda a cire ƙwan fitilar domin a rufe mana ido.

Boris da aka ƙyale yakan yi zafi ya kafe, har taya ta fita a guje. Tsakanin Malumfashi da Funtua, da kaya da mutane a baya, wannan ba asarar buhu kaɗai ba ce. Gara sawu biyu da kaya daidai, da sawu ɗaya da ba a kai gida ba.