Kafin Ka Saya wa Baba Na'urar Nuna Hanya

Ɗa mai aiki a Amurka ko Turai yakan aiko wa mahaifinsa na'urar nuna hanya ta mota, Garmin ko TomTom, don dattijo ya huta da tambayar 'yan acaɓa. Sau da yawa kuɗin a banza suke tafiya. Wadda aka saya a Amurka da taswirar can take zuwa; a kunna ta a Zariya, sai ta nuna motar a tsakiyar fili, ba layi ba unguwa. Haka allon motoci 'yan Kwatano yake yi.

Dalili shi ne taurarin GPS ba sa aiko da taswira. Sun haura 24, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,000, kuma saƙon lokaci da matsayinsu kawai suke watsowa. Da na'ura ta kama huɗu, sai ta lissafa inda take, ba data ba layin waya. Tituna kuwa a cikin na'urar ake zuba su. Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce: akwai taswirar Najeriya ko Nijar a ciki? Ya kunna ka ga layinku da idonka.

A ganina, a ƙasashenmu waya mai faffaɗan allo da Google Maps ta fi dacewa, muddin an sauke taswirar garin a ajiye saboda wuraren da ba sabis. Amma a ware mata aikin, kada kira da saƙonnin WhatsApp su riƙa rufe allo Baba yana tsakiyar shatale-tale.

Sauran zaɓin na jikin mai tuƙin ne. Wanda ya ba sittin baya da wuya ya karanta ƙananan rubutu ba tabarau, don haka allo kada ya gaza inci 6 ko 7, ya kuma yi hasken da ranar azahar ba za ta dushe shi ba. Murya ta fi allo muhimmanci, domin idonsa a kan titi ya kamata ya tsaya. Ku gwada ta gilashi a sauke, rediyo a kunne. Tun 2019 Google Maps ke da muryar Turancin Najeriya. Manhajar Waze kuwa tana barin mutum ya naɗi tasa muryar, har jika ya iya saka "Kaka, yi dama", sai dai ita tana cin data.

Kada a bar dattijo da rubuta adireshi. Mu da kwatance muka saba, bayan masallacin Juma'a, daura da gidan mai, na'ura kuwa ba ta jin wannan. Ka je da kanka ka ajiye masa gida, asibiti, kasuwa da gidajen 'ya'yansa, ya zama taɓawa biyu ya isa. Maƙalin da ake mannawa a gilashi zafi na sakin sa, batir ma ba ya son rana, gara a cire in an faka.

Na'ura hanya mafi sauri take nema. Ba ta san gadar da ruwa ya cinye bara ba, ba ta san hanyar dajin da direbobi suka daina bi bayan magariba ba. Ka gaya wa Baba in sun saɓa a tafiya mai nisa, ya bi saninsa ko ya tambaya a tasha. Ita za ta sake lissafi da kanta.