Farkawar Ƙwayoyin Gado a Hantar Kifi a Matsayin Ma'aunin Gurɓatar Ruwan Kogi

Gwajin ruwa na al'ada yana gano sinadarin da mai gwaji ya je nema ne kawai, kuma a daidai lokacin da aka ɗebi ruwan. Kifi kuwa a cikin ruwan yake kwana yake tashi, don haka jikinsa yana tara shaidar duk abin da ya gudana ta wurin. A kan wannan ne masana suka gina dabarar auna farkawar ƙwayoyin gado. Kowace tantanin jikin kifi tana ɗauke da dubban ƙwayoyin gado, amma ba dukkansu ke aiki a lokaci guda ba. Idan guba ta shiga jiki, wasu daga cikinsu sukan farka, su fara fitar da RNA ɗan aike, wanda shi ne umarnin haɗa furotin. Ana ɗaukar ɗan yanki na hanta, a auna yawan wannan RNA ta hanyar qPCR, sannan a kwatanta da na kifin da ya fito daga ruwa mai tsabta.

Kowane irin gurɓata yana da ƙwayar da yake tadawa. Ƙarafa irin su kadmiyom da zinki suna tada metalotayonin. Ragowar ɗanyen mai da sinadaran PCB suna tada CYP1A. Mafi shahara a cikinsu ita ce bitelojenin, furotin ɗin gwaiduwar ƙwai da hantar macen kifi ke haɗawa. Namiji ma yana da ƙwayar gadonta, sai dai a kwance take, ba ta farkawa sai idan istirojin ya shiga jikinsa daga waje.

A Ingila aka fi cin moriyar wannan alama. A binciken da aka wallafa a 1994, an ajiye kifaye maza cikin keji a bakin magudanar cibiyoyin tace ruwan bayan gida, sai bitelojenin ta ninka sau dubbai a jininsu cikin makonni kaɗan. A 1998 Susan Jobling da abokan aikinta suka nuna cewa a wasu wurare na kogunan Aire da Nene, duk namijin kifin roach da aka duba yana da alamun mace a marainansa. Daga cikin sanadin akwai istirojin na kwayoyin tsara iyali, wanda ke fita a fitsari ya ratsa matatun ruwa. Gwajin da Karen Kidd ta jagoranta a wani tafki na Ontariyo a Kanada ya nuna inda abin ke ƙarewa: an zuba wannan sinadari nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita daga 2001 zuwa 2003, ƙwayar bitelojenin ta farka a jikin maza tun da wuri, daga baya kuma wani ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa a tafkin. Ke nan alamar ta riga ɓarnar bayyana, kuma nan ne darajarta take.

Sai dai akwai tarko a karatun wannan alama, kuma Kogin Hudson na Amurka ne ya tona shi. Daga 1947 zuwa 1977, masana'antun General Electric biyu sun zubar da PCB kimanin fam miliyan 1.3 a kogin. Bisa ƙa'ida, ya kamata CYP1A ta kasance a farke ƙwarai a hantar kifin tomkod na wurin. Amma da aka ba shi PCB a ɗakin gwaji, ƙwayar ba ta motsa yadda ta motsa a danginsa na tsabtatattun koguna ba. A 2011 Isaac Wirgin da abokan aikinsa suka bayyana dalili: kusan dukkan tomkod na Hudson sun rasa haruffa shida a ƙwayar AHR2, wato makamar da gubar ke riƙewa kafin ta tada CYP1A. Masu saurin kamuwa sun mutu tun suna ƙwai, masu juriya suka hayayyafa, cikin shekaru 'yan gomiya kacal.

Mai binciken da ya dogara da CYP1A ita kaɗai zai iya rubuta cewa Hudson ya warke, alhali hantar kifin cike take da PCB, kuma manyan kifayen da ke cin tomkod suna kwasar gubar zuwa sama. Zafin ruwa da jinsi da lokacin haihuwa su ma suna girgiza ma'aunin. Saboda haka ne masu bincike ke haɗa kifin da aka haifa a kogin da wanda aka kawo daga waje aka sa a keji na 'yan makonni, su kuma auna yawan gubar da ke cikin hantar kanta kafin su yanke hukunci a kan ruwan.