Kafin A Ce "Sai An Yi Fomatin"

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, matasan Kwatarkwashi, Tsafe da Bungudu suka dage neman na'ura, ko da ta gwanjo ce, don hannu ya saba kafin a tafi cibiyoyin Gusau. To amma 'yar gwanjo da halinta: a kashe ta lafiya lau da dare, gari ya waye ta ƙi tashi. Abin takaicin shi ne hukuncin da wasu masu gyara ke yankewa tun ba su kwance ko noti ɗaya ba: "Sai an yi fomatin." Da haka aikin ɗalibi da lissafin ɗan kasuwa ke salwanta, alhali Windows ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ai kafin Windows ta motsa, akwai wata 'yar manhaja a jikin madabod, BIOS ko magajiyarta UEFI, mai bin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ta ga ko suna amsawa. Wannan binciken ake kira POST, kuma tun kwamfutar IBM ta 1981 yake. In komai lafiya, a tsofaffin na'urori sai ka ji ƙara ɗaya gajeriya. In da matsala, allo kuma bai samu haske ba, da kuka za ta yi bayani. A tsarin IBM da Award, dogon kuka ɗaya da gajeru biyu na nufin sashen hoto. A na AMI, gajeru uku na nuni ga RAM. Kowane kamfani da yarensa. Laftof ɗin Dell na baya-bayan nan ma fitila suke ƙyaftawa, ruwan goro da fari, sai an ƙirga.

A ƙasarmu RAM ya kamata a fara tuhuma, saboda ƙurar hunturu ba ta neman izini. A cire wuta da batir, a zaro RAM ɗin, a goge haƙoransa da abin goge fensir, a mayar har ya ce ƙas. In guda biyu ne, a gwada su ɗai-ɗai. Na'urar da ke tashi ta mutu bayan 'yan mintoci, musamman da bazara, a duba fankarta. Wadda kullum ke manta kwanan wata kuwa, ɗan batirin madabod ne ya ƙare, CR2032 mai bolt 3, irin na makullin mota.

In shiru kake ji, babu fitila babu fanka, fara da caja da soket, domin wutar ƙaramin janareta ba ta da alƙawari.

Sai na'ura ta nuna tambarin kamfaninta sannan ta maƙale ake maganar faifan ajiya ko Windows. Ko a nan ɗin, mai kaya, kada ka yarda a goge komai sai an kwafe maka ajiyarka a gabanka.