Kowa da Irin Idonsa: Ɗaukar Hoto a Kan Hanya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ne makarantarmu takan kai 'yan Ƙungiyar Labarin Ƙasa yawon buɗe ido. Da ranin nan mun tashi daga Kano zuwa Gandun Dajin Yankari, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi da Bauchi. Dokar makaranta ta hana riƙe waya, amma Shugaba ya yarda a ba mu namu don wannan tafiya kaɗai. Hanya ɗaya muka bi cikin mota ɗaya, amma da muka komo sai ka ce kowa ƙasarsa dabam ya je. Na lura masu ɗaukar hoto a tafiya sun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko su ne masu gaggawa. Tun daga gadar Wudil suka liƙe wa taga, ba su bar itace ba, ba su bar jaki ba. Ba su san cewa in mota tana gudu, abin da ke kusa da hanya shi ya fi fita dishi-dishi ba, don yakan wuce kafin kyamara ta gama kama shi. Kafin mu isa Ningi batirinsu ya mutu. Sa'ad da muka tsaya a gadar Dindima don kallon kogin Gongola, sai roƙon aron waya suka koma yi.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su ganin kome sai fuskarsu. A Bauchi an kai mu kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Wuri ne na natsuwa da addu'a. Amma wani ɗan ajinmu ya ɗauki hoto ya fi ashirin, kowanne kansa ne ya cika shi, ginin kuwa sai ɗan gefe. Da a bayan ɗakin kwananmu ya tsaya, ai duk ɗaya ne.

Kashi na uku su ne masu haƙuri, kuma su ne ba su da yawa. Malaminmu ya gaya mana cewa a zamaninsu fim ake sa wa kyamara, mai cin hoto 24 ko 36. In ya ƙare sai a kai wa mai hoto ya wanke, sa'an nan a ga abin da aka yi. Don haka mutum ba ya latsawa sai ya yi tunani. Ya koya mana mu bar rana a bayanmu, mu riƙe waya da hannu biyu, mu kuma fi dogara ga hasken safe da na la'asar, don na tsakar rana yakan jefa inuwa a ƙarƙashin ido. A Birnin Kudu, inda mutanen da suka zana shanu a jikin duwatsu, wasunsu ma marasa tozo, wani yaro ya tsaya ya jira kowa ya kauce, kana ya ɗauki guda biyu tak. Nasa ne aka manna a allon sanarwa.

Kashi na huɗu su ne masu satar hoto, kuma ina jin kunyar cewa ni ma na faɗa cikinsu. Da muka tsaya shan fura a Ningi, na ga wata dattijuwa mai sayar da nono, ƙwaryarta ta sha zane mai kyau. Ban yi mata sallama ba, sai kawai na auna ta. Nan da nan ta kare fuskarta da faifai, ta ce, "Ɗan nan, haka aka koya maka a gida?" Malam ya sa na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni," na kuma share hoton a gabanta. Daga baya ya bayyana mana cewa hoton da a cikin akwati yake kwana, amma na yanzu cikin minti ɗaya yana iya kai wa ga dubban mutane, in ya fita kuwa ba ya komowa. Watau fuskar mutum mutuncinsa ce, ba a ɗauka sai da izini. Haka kuma wanda ya ɗauki abokinsa yana barci baki buɗe don a yi dariya, ya ci amanar tafiya.

Akwai kuma wani ɗan ɗakinmu da ba shi da waya sam, sai littafi da fensir. Da fari tausayinsa muke ji. To, Yankari daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Da rani namun daji sukan taru a bakin kogin Gaji don shan ruwa. Muna cikin motar zagaya, kowa ya sunkuya yana duba hotunan da ya ɗauka a ruwan ɗumi na Wikki, sai shi ya fara hango giwaye cikin kurmi. Kafin sauranmu su ɗago, rabinsu sun shige. Da aka zo rubuta rahoto kuwa, wurinsa muka riƙa zuwa tambaya, "Wai wannan dutsen a ina ne?"

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in an sake fita da ku, ku fara kallo da idon da Allah ya ba ku kafin ku ɗaga waya. Ku yi sallama, ku nemi izini, ku ɗauki kaɗan mai kyau, ku rubuta sunan wurin. Allah ya kai mu wata tafiyar lafiya, amin.