Dokar Iyali ta Mali: Wa Ke Magana da Yawun Al'ada?

A watan Agustan 2009 majalisar dokokin Mali ta zartar da sabuwar dokar iyali da gagarumin rinjaye. Dokar ta ɗaga shekarun aurar da yarinya zuwa 18, ta cire wajabcin biyayyar mace ga mijinta, ta kuma taɓa rabon gado. Kafin watan ya ƙare, dubban mutane, da mata a cikinsu, suka cika filin wasa a Bamako bisa kiran Majalisar Ƙoli ta Musulunci ƙarƙashin Imam Mahmud Dicko. Shugaba Amadu Tumani Ture ya ga hadari ya haɗo, sai ya ƙi sa hannu. Dokar da ta fito a ƙarshen 2011 ta maido da biyayya, ta yanke wa mace shekara 16, ta kuma amince da auren da liman ya ɗaura.

To, a wane ɓangare dimokuraɗiyya take? Zaɓaɓɓun wakilai sun ce e, jama'ar da ta zaɓe su ta ce a'a.

Tun asali Afirka ba ta raba haƙƙi da al'ada ba. Yarjejeniyar Banjul ta 1981, wadda alƙalin nan na Senegal Keba Mbaye ya jagoranci tsarawa, ta jero haƙƙoƙin mutum, sannan ta ɗora masa nauyi: ya girmama iyayensa, ya ciyar da su in sun rasa. Ta kuma ɗora wa gwamnati kare ɗabi'un gargajiya. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Amma a 2003 aka ƙara da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, wadda ta sa 18 a matsayin shekarun aure. Mali ta amince da duka biyun. Majalisar Nijar kuwa ta yi fatali da ta Maputo a 2006. A Najeriya ma, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta daɗe tana jiran jihohin Arewa. Kano sai a 2023 ta sa hannu a kan tata.

A ganina, inda 'yan bokon Bamako suka yi sake shi ne rubuta doka da Faransanci kan aure da gado, abubuwan da talaka ke kai wa liman da dattawan unguwa, ba tare da sun ci gardamar a masallaci da rediyo ba. Maroko ta bi wata hanya a 2004. Sarki Muhammad na Shida, wanda ke riƙe da laƙabin Amirul Muminina, ya kafa gyaran dokar iyali a kan hujjojin fiƙihu, kuma shekara 18 ɗin ta wuce, ko da yake an bar wa alƙalai ƙofar togaciya da suka riƙa amfani da ita.

Sai dai kada a ruɗe. Cika fili da jama'a ba ya nufin al'ada kanta ce ta yi magana. Masu lasifika ne suka yi. 'Yar shekara 16 da za a aurar ba ta hau mumbari ba, ba ta kuma kai shekarun jefa ƙuri'a ba.

A 2018 Kotun Afirka da ke Arusha ta yanke cewa dokar 2011 ta saɓa wa yarjejeniyar Maputo, ta umarci Mali ta gyara. Shekaru suka shuɗe dokar tana nan yadda take.