Ba a Ido Kaɗai Ake Gane Galahanga Ba

Da zarar an ambaci lalurar galahanga, wadda a asibiti ake kira otizim, akwai maganganun da ba sa rasa fitowa daga bakin mutane. Wai yaron da ba ya kallon idon mutum, shi ke nan yana da ita. Wai akwai hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta ƙarara. Wai likitan da ya tsare uwa da tambaya a kan barcinta da zaman gidanta, laifi yake neman ɗora mata. Wai kuma gidan da aka haifi irin wannan yaro, a cikin aure goma, takwas mutuwa suke yi. Wasu daga cikin maganganun nan zuƙi ta malle ce kawai. Wasu kuwa gaskiya ce aka shafa wa shuni, kuma su suka fi ɓarna, don ba a saurin gane su.

Ta hoton ƙwaƙwalwa ba ta da wuyar kashewa. Har yau babu gwajin jini ko hoton na'ura da ake gano galahanga da shi. In likita ya tura a auna jin yaro, yana so ne ya tabbatar ba kurumta ba ce ta hana shi waiwayowa in an kira shi. In ya sa a auna aikin ƙwaƙwalwa da wayoyin nan da ake liƙawa a ka, farfaɗiya yake nema, domin takan zo tare da lalurar. Duk wanda ya ce na'urarsa ta hango galahanga, aljihunka ya hango.

Da kallo ake gano ta, da kuma tarihin yaron. Ma'aunin da ya fi suna shi ne ADOS, wanda Catherine Lord da Michael Rutter da abokan aikinsu suka fitar a 1989. Wanda ya leƙa ɗakin zai ɗauka wasa ake yi. Mai gwajin zai hura kumfar sabulu ta tashi, sai ya tsaya cak da robar a hannunsa. Yaro yana son ƙari. To me zai yi? Wani zai dubi kumfar, ya dubi fuskar mai gwajin, ya juya ya dubi uwarsa yana dariya, kamar yana cewa kin gani? Wani kuwa zai kama hannun mutumin ya tura shi kan robar ba tare da ya ɗaga kai ba, ko ya fizge robar ya koma gefe yana jujjuya murfin. Dukkansu kumfa suke so. Abin da ake rubutawa shi ne ko yaron ya jawo wani mutum cikin murnarsa. Zaman yakan ɗauki minti 40 zuwa 60, kuma ba shi kaɗai ake dogara da shi ba. Akwai doguwar hira da iyaye, akwai ma'auni irin su Vineland da ke tambayar abin da yaro ke iya yi a zahiri: cin abinci da kansa, sa riga, jiran layi, wasa da sa'anninsa.

Maganar ido kuwa, a nan gizo ke saƙar. Gaskiya ne ƙarancin haɗa ido yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa. Amma ɗaya ne cikin da yawa, kuma akwai masu galahanga da ke kallon ido sarai, wasu ma sun koyi tilasta wa kansu. Sannan a gidajenmu, yaron da ya tsura wa babba ido ai marar kunya ake ce masa. Ɗan shekara shida da aka kai gaban baƙon likita ya sunkuyar da kai, tarbiyya ya nuna. Mai gwajin da bai san wannan ba zai iya ba lafiyayyen yaro makin rashin lafiya. Ɗaya gefen ma yana faruwa, kuma a ganina ya fi yawa: yaron da ba ya neman kowa, ba ya ƙiriniya, yana zaune shi kaɗai yana jera duwatsu tun safe, sai a yi ta sa masa albarka, a ce Allah Ya ba ki ɗa mai haƙuri. Yabon nan kan ci shekaru kafin wani ya ce anya.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da takardar gwajin da aka rubuta a Amurka ba ta san da su ba. Tana tambaya ko yaro yana amsa sunansa. Uwar da ke alkunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunan nan ba, shi ma yaron da aka yi wa mai suna ya fi sanin Abba ko Baffa ko Ummi a kan sunan da ke katin asibiti. Sai an kira shi da sunan da ake kiransa a tsakar gida gwajin zai yi ma'ana. Uwar kuma, in ta zauna tana ɗauke kai daga ɗanta a gaban mutane, kada a rubuta cewa ba ta da shaƙuwa da shi. A cikin wasannin ADOS na ƙananan yara akwai bikin zagayowar ranar haihuwar 'yar tsana, har da kek na wasa da kyandir. Yaron ƙauyen da bai taɓa ganin an hura kyandir ba, in ya tsaya sororo, ba a auna komai ba. Tambayar da ta dace da shi ita ce: yana tuwon ƙasa? Yarinya tana goya kara ko matashi? Yana tura gwangwani yana kukan mota? In jirgi ya wuce, yana nunawa da yatsa ya waiwayo ya ga ko an gani? Kuma sau da yawa amsar ba wurin uwa take ba. Tana wurin kaka, ko yayar nan 'yar shekara tara da ke wuni da shi a baya.

Tambayoyin nan ashirin da ke yawo a waya, waɗanda ake ce wa M-CHAT, ba na bogi ba ne. Diana Robins da abokanta ne suka tsara su domin yara 'yan wata 16 zuwa 30, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Sai dai rariya ce, tankaɗe take yi. A binciken da aka wallafa a 2014 a kan yara kimanin 16,000, cikin waɗanda suka faɗa rukunin damuwa har bayan an sake yi wa iyayensu tambayoyi, ƙasa kaɗan da rabi ne aka samu da galahanga. Kusan duk sauran suna da wani jinkirin girma da ke buƙatar kulawa. Saboda haka maki mai yawa ba hukunci ba ne, amma ba abin da za a share ba ne.

"Ƙyale shi, kawunsa ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe." Wannan ma akwai gaskiya a ciki, domin yara da yawa sukan yi nauyin baki su warware. Amma mai nauyin baki kawai yana magana da sauran jikinsa: yana nuni, yana gyaɗa kai, yana kawo maka abin da ya tsinto don ka gani, yana fahimtar aike. In waɗannan ma babu, ko yaro ya fara cewa Mama da Baba sai kalmomin suka ɓace, jira ba dabara ba ce. Wani bincike da likitocin ƙwaƙwalwar yara suka wallafa daga Legas a 2017 ya gano cewa iyaye sukan fara lura da matsala kafin yaro ya cika shekara 2, amma ba a tabbatar da lalurar sai yana wajen shekara 9. Shekarun da ke tsakani, tsakanin mai magani da mai ruƙiyya da "a ƙara haƙuri" suke tafiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Duka da ɗauri da banka wa yaro hayaƙi da sunan korar iska, wannan kam zalunci ne, musamman ga yaron da ƙarar injin markaɗe ma kan sa ya toshe kunne yana ihu.

Masu cewa yaran nan ba su san mutane ba, ba sa ƙaunar kowa, ba su zauna da su ba ne. Ma'aunin zamantakewa yana auna yadda yaro ke nuna abu, ba ya shiga zuciyarsa. A 2012 Damian Milton, masani ɗan Ingila wanda shi kansa yake da lalurar, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce, mu ma ba mu iya karanta su ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinbura suka jera mutane takwas-takwas suna miƙa wa juna labari baki da baki, sai aka ga masu galahanga sun isar da shi a tsakaninsu daidai da yadda sauran mutane suka isar. Mutum na farko a cikin yara 11 da Leo Kanner ya bayyana a 1943, Donald Triplett, ya yi aikin banki a garinsu a jihar Misisifi, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Kada kuma a zarce a ce duk hazikai ne. Fiye da ɗaya cikin uku na yaran da hukumar CDC ta Amurka ta ƙidaya suna da naƙasun koyo tare da lalurar, wasu kuma har girma ba sa magana sai 'yan kalmomi.

Tsoron da uwa ke ji in an fara tambayarta halin gidanta yana da asali. An yi zamanin da masana da kansu suka ɗora wa iyaye mata laifin, suka ce rashin ɗumin uwa ne, kuma littafin Bruno Bettelheim na 1967 ya yaɗa wannan ra'ayi sosai. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a 1977 ya taimaka ƙwarai wajen rushe shi, sannan wani babban nazari na 2019 a kan yara miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na haɗarin gado ne. Gado kuwa ta ɓangaren uba ma yana zuwa, a gaya wa dangin miji. Allurar rigakafi ma an wanke ta: mujallar Lancet ta janye rahoton Andrew Wakefield, wanda ya alaƙanta ta da lalurar, a 2010, aka kuma soke lasisinsa, kuma binciken Denmak na 2019 a kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba.

To me ya kawo tambayar barci da kuɗi da miji? Saboda yaron ba a asibiti yake kwana ba. Akwai ma'aunai da aka yi musamman don iyali. Na cibiyar Beach da ke Jami'ar Kansas tambaya 25 ne a kan zaman 'yan gida da juna, reno, kwanciyar hankali, abin hannu, da tallafin da ake samu. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2013 ya nuna iyayen yara masu galahanga sun fi sauran iyaye shiga matsi, har ma sun fi iyayen yara masu wasu naƙasassun. Mai son ganin abin da alƙaluman ke nufi ya dubi matar da ta daina zuwa biki da suna, don ranar ƙarshe da ta je yaron ya kwanta a ƙasa yana buga kai, wata ta ce "ke kika sangarta shi". Ƙofar gida kullum da sakata a sama, tun ranar da ya fice aka tsinto shi a bakin titi. Ƙarfe biyun dare idonsa biyu, nata ma haka. Yayarsa ta fara fashin Islamiyya don ta riƙe shi. Duk horon da za a rubuta wa yaron, wannan matar ce za ta yi shi, kuma in ba a san a wane hali take ba, takarda kawai aka rubuta. Gwajin PACT na Ingila, wanda aka yi da yara 152, iyaye aka koya wa yadda za su lura da ƙananan yunƙurin yaro na sadarwa su amsa, kuma bayan kimanin shekara shida aka tarar amfanin bai gushe ba. An maimaita irinsa a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne. Shirin horar da masu reno na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, zama 9 ne na rukuni da ziyarar gida 3, kuma akwai darasin kula da lafiyar mai renon kanta a ciki.

Kashi tamanin ɗin nan na mutuwar aure, an daɗe ana neman binciken da ya fito da shi ba a samu ba. Masu bincike na cibiyar Kennedy Krieger a Baltimo sun duba bayanan yara kusan 78,000, suka tarar kashi 64 na masu galahanga suna tare da iyayensu biyu da aurensu, sauran yara kuma kashi 65. Wani ƙaramin bincike na 2010 ya ga bambanci a mutuwar aure, kashi 23.5 a kan 13.8, amma ina 23 ina 80? Alƙaluman Amurka ne, ba za a ɗora su kan Kano ko Damagaram kai tsaye ba. A wurinmu ma wani lokacin ba saki ake yi ba, yin watsi ake yi: a bar wa uwa yaron da kuɗin maganinsa, mai gida ya ƙara aure ya ce yana neman lafiyayyu. Ma'aunin da ya tsaya ga "da aure ko babu" ba zai ga wannan ba, shi ya sa mai tambaya nagari kan ce, waye ke karɓar ki in kin gaji?

Abu ɗaya da ake faɗa wanda gaskiya ne ba ƙari: ƙanen mai galahanga ya fi sauran yara yiwuwar samunta. Binciken da aka wallafa a 2024 ya sa abin a kimanin ɗaya cikin biyar, alhali a jimlar yara Hukumar Lafiya ta Duniya a baya ta ƙiyasta ɗaya cikin ɗari. Huɗu cikin biyar ke nan ba za su samu ba, amma dalili ne na sa ido a kan jaririn tun yana goye. Wanda ya ga alamun da aka zayyana, ya fara da likitan yara a auna ji, daga nan a nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. A tafi da wanda ya fi wuni da yaron, a kuma ɗauko gajerun bidiyo a waya na yadda yake wasa a tsakar gida da yadda yake yi in ransa ya ɓaci, domin a ɗakin likita ba lallai ya nuna ko ɗaya ba.